Hutun da Malam Barmo Bai Nema Ba

Shekara ashirin da bakwai Malam Barmo ya yi yana aikin duba-gari a Kano kafin ya yi ritaya. Har yau akwai mahauta da masu tuwo-tuwo a Fagge da suke tuna shi, amma ba da alheri ba. Mutum ne da zai shiga gida ya buɗe randa, ya leƙa salga, ya tsaya a kan kwata yana jan hanci, sannan ya fito yana rubutu. Aikin ya tafi ya bar masa halinsa. Ko a gidan ɗan'uwa aka miƙo masa ruwa sai ya ɗaga kofin ya duba shi a haske.

Da ya bar aiki sai ƙanensa Alhaji Shitu, mai shigo da fulas da kwanukan samira daga ƙasar Sin, ya ɗora shi a kan shagonsa na kasuwar Sabon Gari. A watan Oktoban 1998 Shitu ya ce su tafi Guangzhou tare, don an sha turo masa kaya masu tabo, kuma bai san wani mai idon da ya kai na yayansa ba.

Sun gama zagayen baje koli, sun zaɓi masana'anta, sai mai ita ya ce kaya ba za su kammalu ba sai bayan kwana huɗu. Wanda ya fassara musu wannan magana shi ne Abdul-Rauf, mutumin Nima ta Accra, wanda ya shekara shida a garin yana loda wa 'yan kasuwa kaya a kwantena. Yana jin yaren mutanen, kuma Hausarsa irin ta zango ce, ko mace ce sai ya ce "ya zo".

"Kwana huɗu za ku zauna a otal kuna kallon bango?" in ji Abdul-Rauf. "Ku bar mini. Gobe birni, jibi teku, gata mu hau dutse ku ga ƙauyensu."

"Ni ba yawo ne ya kawo ni ba," in ji Malam Barmo.

"Yaya, ka keto duniya tun daga Kano, ka koma a tambaye ka me ka gano ka ce katan?" Shitu ya ce yana dariya. Ya riga ya sayi sabuwar kyamara, yana neman abin ɗauka.

Malam Barmo ya haƙura. Shi ne babba, amma ba shi ya sayi tikitin jirgi ba.

Ranar farko ta fara da kyau. Abdul-Rauf ya kai su wani tsohon masallaci mai doguwar hasumiya a tsakiyar gari. Malam Barmo ya duba wurin alwala ya ga babu gansakuka, babu ruwa kwance, ya gyaɗa kai. Wani dattijo mai farar hula ya yi musu sallama da Larabci, suka yi musafaha. Daga nan suka je wani lambu inda aka sassaƙa awaki biyar da dutse, Shitu ya sa shi ya tsaya a gindinsu ya ɗauke shi hoto. Abin da ya dame shi a hanya kawai shi ne kaki. Mutum cikin kwat da jaka zai jawo shi tun daga ƙirji da ƙara, ya tofar a gaban kowa, ya wuce abinsa. Malam Barmo ya koma tafiya yana kallon ƙasa, yana tattare bakin rigarsa.

Bayan La'asar suka shiga wata kasuwa kusa da kogi. Tun daga bakinta ya ji warin, haɗin ƙarni da jini da kashin dabbobi, wanda duk shekarunsa na shiga mayanka bai taɓa jin irinsa ba. Ƙasa jiƙe take, ruwan yana da yauƙi. Ga kunkuru a baho suna hawan juna, ga kwaɗi cike da raga suna numfashi, ga kunamu a roba wata mata tana tsince su da tsinke biyu kamar mai tsintar wake. A wata rumfa maguna ne a keji, sun yi shiru. Wani mai riga mara hannu ya zaro maciji daga akwati, ya datse kan da almakashi, ya feɗe fatar da ja ɗaya, naman yana ta murɗewa a kan ma'auni.

"Duk wannan ci ake yi?" Malam Barmo ya tambaya, hankici a hancinsa.

"Malam, a nan abin da ya motsa duk nama ne," in ji Abdul-Rauf. "Amma mu ba ruwanmu, kallo kawai."

"Da a Kano ne da yau na rufe kasuwar nan gaba ɗaya."

"To ba a Kano muke ba, Yaya," in ji Shitu. Ya matsa kusa da mai macijin ya ce masa "loban", wato maigida, ya nuna kyamara, mutumin ya ɗaga macijin yana murmushi.

Da suka koma masauki Malam Barmo ya wanke tafin takalminsa da sabulu. Ya ci taliya da ganye a shagon wasu Musulmi da ke kusa da otal, wurin da tun zuwansu nan kaɗai ya yarda ya sa wani abu a bakinsa, ya ɗora da ɓarin goro daga cikin 'yan ƙwayoyin da ya taho da su a jiƙaƙƙen tsumma.

Kashegari da sassafe suka hau bas zuwa Zhuhai, a bakin teku, suka shiga jirgin ruwa na yawon shaƙatawa. Jirgin ruwan mai hawa biyu ne, cike da 'yan yawon buɗe ido masu jajayen huluna iri ɗaya. Da farko ruwan kwance yake. Suka wuce ta gaban Macau, wadda a lokacin tana hannun Turawan Fotugal, kowa ya taru a gefe guda yana nuna gine-gine. Malam Barmo bai taɓa ganin ruwan da ya fi na Tiga ba, kuma na ɗan lokaci ya manta da hancinsa.

Sai aka kawo abincin rana. An zube jatan lande da kaguwa a faranti a tsakiyar kowane tebur, da ƙafafunsu da gashin bakinsu da idanunsu. Mutanen suka dinga jefa su a baki ɗungurungum, su tauna, su tsotse, su furzo ɓawon a kan teburin nan da suke cin abinci. Kafin a jima kowa da tsibin ɓawo mai yawu a gabansa. Abin da ya fi tayar wa Malam Barmo da zuciya shi ne da ya juya ya ga ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya karya kan wani jatan lande yana zuƙe abin da ke ciki.

"Shitu, ƙwaro kake ci."

"Naman ruwa ne, Yaya, halal ne. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi ka ɗaura." Ya miƙo masa ɗaya da ya ɓare. "Ɗanɗana ka ji."

Malam Barmo ya kawar da kai.

Da jirgin ya fita daga lungu ya nufi tsibirai, ruwan ya canza hali. Jirgin ya dinga hawa yana faɗawa, hayaƙin gas yana shigowa ta taga. Wani ma'aikaci ya bi layi yana raba ledoji, ba wanda ya tambaye shi na mene ne. Matar da ke kusa da Malam Barmo ita ta fara, mijinta ya bi, daga nan abin ya zagaye ɗakin. Duk abin da aka ci ya dawo, da warinsa. Wata leda ta fashe a ƙasa, abin da ke ciki ya dinga gangarawa hagu in jirgi ya karkata hagu, ya dawo dama in ya karkata dama. Malam Barmo ya ɗage ƙafafunsa sama, ya runtse ido, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Ya lallaba ya nufi banɗaki, ya buɗe ƙofa, ya ga rami ne kawai, teku na wucewa a ƙasa, kuma waɗanda suka riga shi ba su dace da ramin ba. Ya rufe ƙofar, ya kama ƙarfen gefen jirgi, ya amayar da jan goro a tekun.

Wata tsohuwa ta matso ta miƙo masa ɗan gwangwanin man zafi, ta nuna masa ya shafa a goshi. Ya dubi gwangwanin ya ga sawun yatsu a cikin man, ya girgiza kai. Abdul-Rauf ne ya karɓa ya ce mata "shiye-shiye", wato an gode, ya shafa wa kansa.

A hanyar dawowa Malam Barmo ya ce shi ya gama, gobe ba inda za shi. Shitu ya yi ta lallashi. Abdul-Rauf ya rantse masa cewa a kan dutse babu kasuwa, babu jirgi, iska ce kawai da ruwan sanyi. Da tunanin ya wuni shi kaɗai a otal inda ba mai jin maganarsa, sai ya ga gara ya bi su.

Tafiyar awa uku suka yi a mota arewa da birnin, har kwalta ta ƙare a gindin wasu duwatsu. Daga nan sai ƙafa, ta wata siririyar hanya mai matakalar dutse tsakanin itatuwan gora. Abdul-Rauf bai yi ƙarya ba. Iskar tana da daɗi, gonakin shinkafa hawa-hawa sun yi jawur ana shirin girbi, ruwa yana gangarowa garai-garai ta gefen hanya. Malam Barmo ya cire hankici daga hancinsa ya sa a aljihu. Har ya ce wa Shitu wannan wuri kam Allah ya yi masa albarka.

Suna dab da ƙauyen suka tarar da wata mata a lambu, ta rataya bokiti biyu a sanda, tana ɗiba da ludayi mai dogon hannu tana zuba wa ganye. Iska ta juyo. Malam Barmo ya tsaya cak. Wannan wari bai buƙaci tafinta ba, shekara ashirin da bakwai ya yi yana rubuta mutane a kansa.

"Abdul-Rauf, daga salga ta ɗebo wancan?"

"Taki ne, Malam. Haka duk suke yi."

Malam Barmo ya ƙura wa ganyen ido. Fari ne a gindi, kore a sama, shi ne sak wanda ake yanka masa a kan taliya kullum a shagon Musulmin nan, wanda yake ci yana jin ya tsira. Ya juya da sauri don ya bar wurin, ga shi tun safe bai ci komai ba sai goro, ga yayyafi ya fara jiƙa duwatsun. Takalminsa mai santsin tafi ya zame. Ya tafi da baya, ya gangara gefen hanya, ya faɗa cikin wani rami mai baƙin ruwa har ƙugu.

Da ya ɗaga kai sai ya ga hanci uku masu laima suna leƙo shi ta tsakanin gora, suna gurnani. Ramin magudanar garken aladu ne.

Bai yi ihu ba. Ya ɗaga hannayensa sama don kada su ƙara taɓa komai, ya zauna haka, ruwan yana ratsa shaddarsa da ɗumi. Shitu da Abdul-Rauf suka jawo shi. Wani kututturen gora ya tsaga masa ƙwauri, jini na zuba, idon sawunsa kuma ya ƙi ɗaukarsa.

Mai aladun ne ya fito da gudu, wani gajere mai faɗin kafaɗa, ɗan kimanin shekara hamsin, hannunsa duk dusa. Abdul-Rauf ya yi magana da shi, ya ce sunansa Chen, kuma gidansa yana can sama kaɗan. Chen bai jira shawara ba. Ya durƙusa a gaban Malam Barmo ya juya masa baya.

"Ka ce masa a'a," in ji Malam Barmo.

"Yaya, ni ba zan iya hawa da kai ba, ka san ƙirjina," in ji Shitu. "Abdul-Rauf kuma ka gan shi kamar kara."

Haka aka goya Malam Barmo, dattijo mai jikoki. Fuskarsa tana dab da wuyan mutumin, yana shaƙar gumi da taba da tsamin abincin aladu. Ya so ya riƙe numfashi, amma matakalar tana da yawa. Yana jin ƙashin bayan Chen yana motsi a ƙirjinsa, yana jin yadda mutumin ke nishi a kowane taki, kuma baƙin ruwan da ke jikinsa yana ɗiga a kan rigar mai goyon. Chen ko sau ɗaya bai tsaya ba.

A tsakar gidan aka zaunar da shi a benci. Kaji suna shiga ɗaki suna fita, naman alade yana rataye a saman murhu ya yi baƙi da hayaƙi. Chen ya kawo ruwan zafi a baho. Shitu ya ajiye kyamararsa, ya naɗe hannun riga, ya durƙusa ya wanke wa yayansa ƙafafu da hannunsa, sau bakwai kamar yadda Malam Barmo ya ce, ba tare da ya yi masa tsiya ba. Riga da wando da takalmi aka tara su a gefe. Abdul-Rauf ya ba shi rigar sanyinsa, Chen kuma ya fito da wani baƙin wando nasa wanda bai wuce wa Malam Barmo gwiwa sosai ba.

Sai uwar Chen ta fito, tsohuwa tukuf, ta dubi ciwon, ta zaga bayan gida ta dawo da ganye a hannu. Malam Barmo ya zaci turmi za ta nema. Sai ya ga ta cusa ganyen a baki. Haƙoranta huɗu ne ko biyar, duk baƙaƙe. Ta tauna a hankali, koren ruwa yana biyo gefen bakinta, ta tofo shi a tafin hannu, ta matso.

"Shitu, kada ka bari."

"Yaya, jinin bai tsaya ba, asibiti kuma sai an yi awa uku."

Ta danna abin a kan ciwon da babban yatsa. Da ɗuminsa. Malam Barmo ya kafe idonsa a kan rufin ɗaki, hawaye suka zubo masa, ba na zafi ba. Tsohuwar ta ɗaure da tsumma, ta ɗan bubbuga masa gwiwa, ta faɗi wata magana.

"Ya ce kada ka cire sai kwana biyu," in ji Abdul-Rauf.

Jinin dai ya tsaya. Malam Barmo ya yi Azahar a zaune cikin wandon mai kiwon alade, zuciyarsa cike da kokwanton tsarkinsa, Shitu yana ce masa lalura ce, Allah ya gani. Aka kawo musu shinkafa da ganyen nan da dafaffen ƙwai. Ya ɗauki ƙwai ɗaya, don shi ne a rufe, ya ɓare da kansa.

Duk da haka ya san abin da aka yi masa. Mutumin da bai san shi ba ya ɗauke shi da ƙazantarsa ya hau dutse da shi. Shitu ya so ya ba Chen wani abu, Chen ya ture hannunsa yana cewa "meyo, meyo", wato a'a, ba komai, har ya fara ɓata rai. Sai Malam Barmo ya ce a miƙo masa jakarsa. Ya kwance tsumman goronsa. Goro ɗaya ya rage, fari, babba, wanda yake ta tanadi don ranar tafiya gida. Ya miƙa wa Chen da hannu biyu.

"Ka gaya masa a ƙasarmu wannan ake ba mutumin da aka girmama."

Abdul-Rauf ya fassara. Chen ya karɓa da hannu biyu shi ma, ya jujjuya shi, ya gatsa babban ɓari. Ya tauna sau uku. Fuskarsa ta tattare wuri guda. Ya dubi Malam Barmo, ya yi ƙoƙarin haɗiyewa, abin ya gagara, ya ruga bakin ƙofa ya furzar, ya ɗebi ruwa ya kurkure baki har sau biyu yana kaki. Uwarsa ta karɓi ragowar ta sansana, ta yatsine, ta ajiye a kan taga da yatsa biyu. Ta tambayi Abdul-Rauf wani abu.

"Me ta ce?" in ji Malam Barmo.

Abdul-Rauf ya sosa ƙeya. "Ya ce wai da gaske kuna cin wannan, ko magani ne?"

Shitu ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Malam Barmo bai yi dariya ba. Ya dubi goronsa a kan taga, kaza tana miƙa wuya tana son ta kai gare shi, ya ji abin ya soke shi fiye da ciwon ƙafar.

Da yayyafi ya ɗauke, Chen da wani maƙwabcinsa suka ɗaura kujera a kan gora biyu suka sauko da shi har bakin mota. Shitu ya tambaya ko a ƙunso masa kayansa da takalminsa, Malam Barmo ya ce a bar su nan, ko a ƙone. Wajen rabuwa Chen ya miƙo hannu. Malam Barmo ya dubi hannun, ya ga dusa a ƙarƙashin farce, ya kama ya riƙe. Bai goge nasa ba sai da mota ta sha kwana.

Suna isa otal, kafin Magariba, ya kwance tsumman ya kankare ganyen, ya wanke ciwon da sabulu da ruwan zafi har ya sake yin jini. Washegari ƙafar ta kumbura ta yi suntum. Aka kai shi wani ƙaramin asibiti aka yi masa allura aka naɗe. Shi ya ce yawun tsohuwar ne ya jawo, Shitu ya ce cirewar da ya yi ce, tun da an ce masa kwana biyu. Wannan gardama ba su taɓa gama ta ba.

Kayan masana'antar kuwa ya duba su a zaune, ƙafa a kan katan. Fulas ɗaya-ɗaya ya dinga buɗewa yana leƙawa yana sansanawa, ya mayar da katan goma sha ɗaya, har mai masana'antar ya tambayi Abdul-Rauf wane irin aiki wannan dattijo yake yi a ƙasarsu.

Da silifas ɗin wanka ya sauka a Kano, yana dogara sanda. Matarsa Fasuma tana kwance masa jaka ta ci karo da baƙin wandon nan a cikin leda.

"Malam, wannan tsumman fa? In ba masu shara?"

"Ba nawa ba ne. Aro aka ba ni."

Ta wanke shi, ya sa ta sake wankewa. Da shekara ta zagayo Shitu ya ce su koma, Malam Barmo ya ce ko a mafarki. Ya ba shi wandon ya ce a mayar wa mai shi, amma Shitu bai sami sukunin hawa dutsen ba, Abdul-Rauf kuma ya koma Accra, sai wandon ya sake dawowa Kano. Malam Barmo ya sa shi a leda biyu, ya ƙulle bakin kowacce, ya ajiye a can ƙasan akwatinsa, nesa da kayan sallarsa, ya hana kowa ya yar.